Rayuwar Ƙwararriyar 'Yar Wasan Tanis: Tambayoyi da Amsoshi

Mafi yawan masu kallo ba sa ganin 'yar wasan tanis sai a makon ƙarshe na babbar gasa, tana ɗaga kofi ko tana share hawaye. Wannan ɗan tsagi ne kawai na sana'ar. Ga tambayoyin da aka fi yi game da yadda mace ke shiga wannan wasa, da yadda take ci da sha a cikinsa, da yadda take barinsa.

Da shekara nawa ake farawa?

Da ƙuruciya sosai. Kusan duk waɗanda suka yi suna sun riƙe raket tun kafin su cika shekara 10, da yawansu ma tun suna 'yan shekara 4 ko 5. Venus da Serena Williams mahaifinsu Richard ne ya fara koya musu a filayen gwamnati na Compton a Kalifoniya. Maria Sharapova kuwa tana ƙaramar yarinya mahaifinta ya ɗauko ta daga Rasha zuwa Florida domin ta samu horo, kuma tana da shekara 17 ta ci Wimbledon a 2004. Dalilin sammakon shi ne, tanis wasa ne na ido da hannu da ƙafa a lokaci guda, kuma irin wannan saiti jiki ya fi karɓarsa tun yana ɗanye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai fara wasa daban, shiga gasar manya daban. Jennifer Capriati ta shiga sahun ƙwararru a 1990 tana da shekara 13, ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1992, sannan nauyin ya yi mata yawa ta jingine wasan tun ba ta kai 18 ba. Abin da ya same ta na cikin dalilan da suka sa WTA, hukumar da ke kula da gasannin ƙwararrun mata, ta kafa dokar shekaru a tsakiyar shekarun 1990: yarinyar da ba ta kai 14 ba ba za ta buga gasar ƙwararru ba, daga 14 zuwa 17 kuma akwai iyakar adadin gasannin da za ta shiga a shekara, sai ta cika 18 a sake mata mara. Wasu na ƙorafin cewa dokar tana riƙe yara masu baiwa. Ni dai ina ganin alherinta ya fi. Coco Gauff ta doke Venus Williams a Wimbledon a 2019 tana da shekara 15, dokar ta taƙaita mata wasanni, kuma hakan bai hana ta cin US Open a 2023 da French Open a 2025 ba. Ita ma Capriati ta dawo daga baya, ta ci manyan kofuna uku na Grand Slam, wato gasanni huɗu mafiya girma a tanis, a 2001 da 2002.

Akwai wata jarrabawa ko takarda da ke mayar da mutum ƙwararre?

Babu. Ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da ƙungiya za ta saye ki ta riƙa biyanki albashi. A tanis kina shiga gasar da ake biyan kuɗi, ki ci wasa, ki tara maki, sunanki ya bayyana a jadawalin duniya. Shi ke nan kin shiga.

To ta wace ƙofa ake bi har a kai manyan gasanni?

Tsani ne mai hawa-hawa. A ƙasa akwai gasannin matasa na hukumar tanis ta duniya, ITF, na 'yan ƙasa da shekara 18. Daga nan sai ƙananan gasannin ƙwararru na ITF, waɗanda ake kira W15, W35, W50, W75 da W100. A W15, dala 15,000 ce jimillar kuɗin da duka 'yan wasan za su raba, ba wanda zakara za ta ɗauka ba. A irin waɗannan gasanni sau da yawa ba 'yan kallo, ba yaran da ke tsintar ƙwallo, 'yar wasa ita ke ɗaukar jakarta ta nemi motar da za ta kai ta masauki.

Sama da su akwai WTA 125, sannan babban zagayen WTA mai matakai uku: 250, 500 da 1000. Lambar tana nuna makin da wadda ta ci kofin za ta samu. Madrid da Rom da Indian Wells da Miami da Beijing duk suna cikin ajin 1000. Can ƙololuwa sai gasanni huɗu na Grand Slam: Australian Open a Melbourne cikin Janairu, French Open a Paris daga ƙarshen Mayu, Wimbledon a Landan daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da US Open a New York daga ƙarshen Agusta. Kowacce maki 2,000 take ba zakara.

Akwai kuma hanyar jami'o'in Amurka, inda yarinya ke samun tallafin karatu tana buga wa makarantarta wasa. A da ana ganin wadda ta bi nan ta makara. Danielle Collins ta bi ta Jami'ar Virginia, ta ci kofin jami'o'i sau biyu, kuma ta kai wasan ƙarshe na Australian Open a 2022. Emma Navarro ma daga can ta fito.

Me ya sa 'yan wasa ke yawan maganar matsayi a jadawali?

Domin shi ne komai. Matsayinki ne ke cewa wace gasa za ki shiga, da wa za ki fara karawa, da nawa kamfanin takalma zai ba ki. An fara jadawalin kwamfuta na mata a Nuwamba 1975, Chris Evert ce ta fara zama ta ɗaya, kuma Steffi Graf ce ta fi kowa daɗewa a kujerar, mako 377.

Abin da ya sa jadawalin ke hana barci shi ne makin ba ya zama. Mako 52 kawai yake yi a asusunki. Idan kin ci kofin maki 500 a watan Fabrairun bara, da zarar makon ya zagayo bana za a zare su, sai abin da kika samu bana ya maye gurbi. Shi ne ake cewa 'yar wasa tana "kare maki". Saboda haka wadda ta yi shekara mai kyau takan shiga ta gaba da bashi a wuya, wadda kuma ta ji ciwo ta yi wata shida a gida tana kallon lambarta tana zamewa kowace Litinin ba tare da ta buga ko ƙwallo ɗaya ba.

Akwai wani layi da ba a zana shi a ko'ina ba amma kowa ya san shi: kusan lamba 100. Gasar Grand Slam tana ɗaukar mutum 128. Wajen 104 na shiga kai tsaye da matsayinsu, 16 na fitowa daga wasannin neman gurbi, 8 kuma masu shirya gasa ke ba su gurbin alfarma. Wadda ke ta 95 tana da tabbacin manyan gasanni huɗu a shekara da kuɗinsu. Wadda ke ta 130 sai ta ci wasa uku a jere kafin ta taka babban fili. A iya wasa tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba, amma a aljihu duniya biyu ce.

Shin da gaske ana iya fitowa daga wasannin neman gurbi a ci kofin?

Sau ɗaya ya taɓa faruwa a Grand Slam. Emma Raducanu ta Birtaniya, tana da shekara 18 kuma tana ta 150 a duniya, ta ci wasa goma a jere a US Open ta 2021 ba tare da ta rasa zango (wato set, kashin da ake raba wasa) ko ɗaya ba, ta doke Leylah Fernandez a wasan ƙarshe.

Nawa suke samu?

Na sama suna samu ƙwarai. Serena Williams ta tara sama da dala miliyan 94 a kuɗin gasa kaɗai, ban da na talla. Iga Swiatek ta karɓi fam miliyan 3 da ta ci Wimbledon a 2025, Aryna Sabalenka kuma dala miliyan 5 a US Open ta 2025. Ko wadda aka fitar a zagayen farko na US Open ta 2025 ta tafi da dala 110,000. Wannan ne ma ya sa shiga sahun 100 ke da muhimmanci haka: faɗuwa huɗu a zagayen farko na manyan gasanni na iya riƙe mutum shekara guda.

Amma a kula, wannan kuɗi ba riba ba ce. 'Yar wasan tanis mai zaman kanta ce. Ita ke biyan kocinta albashi, ta saya masa tikitin jirgi, ta kama masa ɗaki. Idan tana da mai kula da lafiyar jiki da mai horar da ƙarfi, su ma a wuyanta suke. Ƙasar da aka yi gasar za ta cire haraji kafin kuɗin ya iso hannu, wakilinta ya ɗauki kasonsa, ga kuɗin ɗaure igiyar raket da ake yi kusan kullum. Ga wadda ke yawo tsakanin ta 200 da ta 400, mako da yawa abin da ta kashe ya fi abin da ta samu. Irinsu kan yi tafiya ba koci, su haɗa ɗaki da wadda wataƙila gobe da ita za su kara, su zaɓi gasa ba don ta dace da wasansu ba sai don jirginta ya fi araha. Yarinya mai baiwa da iyayenta ba su da hali, kuma hukumar tanis ta ƙasarta ba ta da ƙarfi, sau da yawa a nan take tsayawa, ba don an fi ta iyawa ba. Wannan ne ɓangaren sana'ar da ya fi damuna, kuma shi aka fi yin shiru a kansa.

Ana biyan mata daidai da maza?

A Grand Slam, e. Amma an sha gwagwarmaya kafin a kai nan. A 1970 mata tara, ciki har da Billie Jean King, suka gaji da ƙaramin kason da ake ba su, suka sa hannu a kwantiragin dala ɗaya da Gladys Heldman, mai mujallar tanis, suka kafa gasarsu a Houston, duk da barazanar dakatarwa. A 1973 King ta tara 'yan wasa a wani otal a Landan gab da Wimbledon aka kafa WTA. A wannan shekarar US Open ta zama ta farko da ta daidaita kuɗin, kuma a shekarar ce King ta doke Bobby Riggs, tsohon zakaran maza, 6-4, 6-3, 6-3 a gaban miliyoyin masu kallon talabijin. Australian Open ta tsaya a kan daidaito daga 2001. Wimbledon ba ta bi sahu ba sai 2007, bayan Venus Williams ta matsa lamba a bainar jama'a, kuma ita ce ta ci kofin a shekarar.

A sauran gasanni har yanzu da saura. Akwai wuraren da maza da mata ke wasa a fili ɗaya a mako ɗaya amma kuɗin ya bambanta. WTA ta yi alƙawarin daidaita manyan gasannin da ake haɗawa da maza zuwa 2027, sauran kuma zuwa 2033. Masu cewa ai maza zango biyar suke bugawa mata uku, su tuna cewa a Grand Slam kaɗai ake haka. A sauran gasannin shekara kowa zango uku yake yi.

Yaya shekararta take tafiya?

Daga Janairu zuwa Nuwamba tana kan hanya. Ana buɗewa a Ostireliya cikin zafi, a wuce Gabas ta Tsakiya da Amurka, a shiga Turai kan jar ƙasa, a koma ciyawa na 'yan makonni, a sake komawa Amurka, sannan Asiya. 'Yan wasa takwas da suka fi maki ne ke rufe shekara da gasar WTA Finals, wadda aka kai Riyad ta Saudiyya a 2024. Disamba, da ake kira hutu, lokacin horo mai tsanani ne.

Sauyin fili ba ƙaramin abu ba ne. A jar ƙasa ƙwallo na tafiya a hankali tana tashi sama, 'yar wasa na zamewa da ƙafa kafin ta buga, musayar bugu na tsawo. A ciyawa ƙwallo na sulalewa ƙasa-ƙasa, dole a durƙusa, kuma mai ƙarfin bugun farko ke cin riba. Tsakanin ƙarshen French Open da farkon Wimbledon mako uku ne kacal. Wannan ne ya sa abin da Graf ta yi a 1988 ya zama abin al'ajabi: ta ci duka huɗun a shekara guda, ta ƙara da zinaren Olamfik. Evert ta ci French Open sau 7, Martina Navratilova ta ci Wimbledon sau 9, kowacce da filin da ya karɓe ta.

Wani abin da mai kallo ba ya lura da shi: a kowace gasa mutum ɗaya ce ba a dokewa. Ko wadda ke cikin goman farko, yawancin makonninta da shan kaye suke ƙarewa. Ta koma ɗaki, ta haɗa kaya, ta nemi jirgin gobe.

Idan ta ji ciwo fa?

Ba wasa, ba kuɗi. Akwai dai tanadin "matsayi na musamman", wanda ke ba wadda ta daɗe tana jinya damar shiga wasu gasanni da tsohon matsayinta idan ta dawo. Wuyan hannu da kafaɗa da gwiwa da baya su ne suka fi cin wuya.

Akwai kuma cutarwar da ba ta wasa ba. A 30 ga Afrilu 1993 wani mutum ya daɓa wa Monica Seles wuƙa a baya tana zaune tana hutawa a tsakiyar wasa a Hamburg. Shekararta 19, tana ta ɗaya a duniya, da manyan kofuna takwas a hannu. Ta fi shekara biyu ba ta dawo ba, kuma kofi ɗaya ta ƙara, Australian Open ta 1996. Petra Kvitova ma wani ya kutsa gidanta a Disamba 2016 ya yanke ta a hannun hagu, hannun da take wasa da shi. Ta warke har ta kai wasan ƙarshe a Melbourne a 2019. Yau kuma ga zagi da barazana a shafukan sada zumunta, galibi daga 'yan caca da suka yi asara a kan wasanta.

Gajiyar zuciya fa, ana maganarta?

Yanzu ana yi. Naomi Osaka, mai manyan kofuna huɗu, ta ce ba za ta zauna da 'yan jarida ba a French Open ta 2021 saboda lafiyar ƙwaƙwalwarta. Aka ci ta tarar dala 15,000, ita kuma ta janye daga gasar. Ashleigh Barty ta ajiye raket a 2014 tana matashiya ta koma wasan kurket, ta dawo ta ci French Open a 2019 da Wimbledon a 2021. Kaɗaici ne babban ciwon wannan wasa. Ba abokiyar wasa da za a canza ki da ita idan ranar ba taki ba ce.

Mace na iya haihuwa ta dawo?

Ƙwarai kuwa, kuma ba yau aka fara ba. Margaret Court ta ci manyan kofuna uku a 1973 tana uwa. Evonne Goolagong Cawley ta ci Wimbledon a 1980 bayan ta haihu. Kim Clijsters ta yi ritaya a 2007, ta haifi 'yarta a 2008, ta dawo da gurbin alfarma ta ci US Open a 2009, ta sake ci a 2010, ta ƙara da Australian Open a 2011. Serena ta ci kofinta na 23 a Melbourne a 2017 tana da ƙaramin ciki, ta sha wuya sosai wajen haihuwa, amma ta dawo ta kai wasan ƙarshe na Grand Slam sau huɗu.

Abin da ya daɗe yana tauye mata shi ne dokoki. Wadda ta tafi haihuwa makinta kan zube ta dawo kamar sabuwar shiga. Daga 2019 aka gyara, aka ba uwa har shekara uku ta yi amfani da matsayinta na musamman. A Maris 2025 WTA ta sanar da hutun haihuwa mai biya har na wata 12, da kuɗin asusun zuba jari na Saudiyya, PIF. Ga mutanen da ba ma'aikatan kowa ba, wannan babban sauyi ne. Elina Svitolina ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon a 2023 'yan watanni bayan dawowarta, Tatjana Maria kuma, uwar 'ya'ya biyu, ta ci kofin Queen's a Landan a 2025 tana da shekara 37.

Yaya batun gwajin ƙwayoyi?

Da tsauri. Manyan 'yan wasa dole su bayar da sa'a ɗaya a kowace rana da adireshin da za a same su, ko suna hutu. Kuskure uku cikin wata 12 na iya jawo dakatarwa. Kuma duk abin da aka samu a jikinki ke ce da alhakinsa, ko ta maganin mura ya shiga. An dakatar da Sharapova shekara biyu a 2016 saboda maganin meldonium da aka haramta, aka rage zuwa wata 15. Simona Halep an yanke mata shekara huɗu, kotun wasanni ta mayar wata tara a 2024. Swiatek wata ɗaya aka ba ta a 2024 bayan an amince gurɓataccen magani ne. Bambancin hukuncin na jawo ce-ce-ku-ce, musamman ganin cewa mai kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi ta fi saurin wanke kanta.

'Yan Afirka da Larabawa sun taka rawa?

Ons Jabeur ta Tunisiya ce ta fi nisa: ta kai ta biyu a duniya a 2022, ta ci Madrid, ta buga wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023 da na US Open a 2022. Mayar Sherif ta Masar ta ci kofin WTA a Parma a 2022, Angella Okutoyi ta Kenya kuma ta ci kofin 'yan mata na bibbiyu a Wimbledon a 2022. Ƙarancin gasanni masu maki a nahiyar ne babban cikas, domin dole a tsallaka teku kafin a tara maki. Tun da daɗewa Althea Gibson ta Amurka ta buɗe ƙofa ga baƙar fata, da ta ci gasar Faransa a 1956 da Wimbledon a 1957 da 1958.

Yaushe ake ritaya, kuma sai me?

Ba ƙayyadadden lokaci. Justine Henin a 2008 da Barty a 2022 duk sun ajiye suna da shekara 25 kuma suna na ɗaya a duniya, ko da yake Henin ta ɗan dawo daga baya. Flavia Pennetta ta ci US Open a 2015 tana da 33, ta sanar da ritayarta a wurin karɓar kofin. Serena ta kai gab da 41, Navratilova kuwa tana da 49 ta ci kofin bibbiyu na mace da namiji a US Open ta 2006. Shekarun ganiya ma sun ja baya: a 1997 Martina Hingis ta zama ta ɗaya tana da 16, a 2025 kuwa Madison Keys ta ci babban kofinta na farko tana da 29.

Bayan ritaya wasu na komawa sharhi a talabijin, wasu koyarwa. Amélie Mauresmo ta horar da Andy Murray, ɗan wasan maza na Birtaniya, daga 2014 zuwa 2016, daga baya ta zama daraktar French Open. Conchita Martínez na tare da Garbiñe Muguruza lokacin da ta ci Wimbledon a 2017. Waɗanda ba su taɓa shiga sahun 100 ba, kuma su ne mafiya yawa, galibi suna barin wasan tun suna cikin shekaru ashirin da wani abu, idan kuɗi ya ƙare ko gwiwa ta ƙi, su koma karatu ko su kama koyar da yara a kulob.